World of Warcraft: me ya rage mutanen, kuma mutuwa yake yi?

Tambayar da aka yi ita ce: "Tun 2009 nake buga World of Warcraft. A da in na shiga babban gari sai kwamfutata ta riƙa sarƙewa saboda cunkoso. Yanzu sabarmu (kwafin duniyar wasan da muke bugawa a ciki) ta zama kufai, ƙungiyarmu ta watse, kuma na ji an ce masu biyan kuɗin wata sun ragu da fiye da rabi. Me ya jawo haka? Wasan mutuwa yake yi? In ci gaba da biya ko in haƙura?"

Ɗan'uwa, tambaya uku ka yi a dunƙule, kuma ta tsakiyar ce mai sauƙin amsa: bai mutu ba, ba kuma hanyar mutuwar ya kama ba a yanzu. Sauran biyun ne ke buƙatar zama. Na daɗe ina buga wasan nan na kwamfuta da dubban mutane ke bugawa tare ta intanet, na riƙe ƙungiya a cikinsa har ta watse a hannuna, daga baya kuma na yi aikin duba alƙaluman shiga da fitar 'yan wasa a wani ƙaramin kamfani mai wasa irin wannan. Don haka na ga abin ta ciki, na kuma gan shi ta waje.

Mu fara da alƙaluman, tunda maganar rabin da ka ji tana da tushe. Kamfanin Blizzard ya saki wasan a Nuwamba 2004. A Oktoba 2010 ya sanar cewa masu biya sun kai miliyan 12, kuma nan ne ƙololuwa. Daga nan aka fara gangara. A tsakiyar 2012 an sauko miliyan 9.1, sai sabon babi, wato ƙarin labari da yankuna da ake sayarwa, mai suna Mists of Pandaria ya fito aka ɗan haura miliyan 10, aka sake zamewa zuwa miliyan 7.7 a tsakiyar 2013, sannan 6.8 a tsakiyar 2014. Da Warlords of Draenor ya fito a Nuwamba 2014 sai adadin ya yi tsalle ya wuce miliyan 10, kowa ya ce ai wasa ya dawo. Ba a yi shekara ba ya faɗo miliyan 5.5. A nan ne, ƙarshen 2015, kamfanin ya ce ya daina faɗin adadin. Saboda haka duk lambar da ka gani tana yawo game da shekarun bayan nan, ƙiyasi ne na masu bibiya, wani mai hankali, wani kuma shaci-faɗi ne kawai.

Ita kanta miliyan 12 ɗin tana buƙatar a karanta ta da kyau. Mutane sukan ɗauke ta su ninka da dala 15 su ce ga abin da ake samu a wata. Ba haka lissafin yake ba. Kaso mai yawa na wannan adadi a China yake, kuma a lokacin ɗan wasan China ba kuɗin wata yake biya ba, katin sa'o'i yake saya, sau da yawa a shagon intanet yake bugawa. A ma'anar da kamfanin ya ba kalmar "mai biya", wanda ya shiga daga irin wannan shago cikin kwana 30 da suka wuce an ƙirga shi. Mutum ɗaya a Amurka ko Jamus yana iya kawo kuɗin da ya ninka na mutane da yawa a can. Shi ya sa faɗuwar adadi da faɗuwar kuɗin shiga ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma wani lokaci babbar raguwar da aka sanar daga Gabas ta fito, alhali sabar da kake ba ta ji komai ba.

To, me ya jawo? In ka tambayi 'yan wasa goma za su ba ka amsa goma, kowa kuma zai nuna maka babin da shi ya daina bugawa ya ce daga nan aka lalata wasan. Wanda ya bari a Cataclysm zai ce Cataclysm ne, wanda ya bari a Shadowlands zai ce Shadowlands ne. Abin da na koya a wurin aiki, kuma ya ɗauke ni lokaci kafin na yarda da shi, shi ne tambayar "me ya kori mutane" ba ita ce babbar tambaya ba. Mutane sun daɗe suna fita. Ko a shekarun da wasan ke ganiyarsa, kowane wata akwai ɗimbin mutane da ke soke biyan kuɗinsu. Ba a gani ne kawai saboda masu shigowa sun fi masu fita yawa. A 2014 Blizzard ya ce an buɗe asusu sama da miliyan 100 a tarihin wasan. Ka ajiye wannan kusa da miliyan 12, za ka gane cewa tun asali wasan mashiga ce mai ƙofa biyu, ana shiga ana fita.

Ka ɗauke shi kamar tulu mai yoyo da ake zuba wa ruwa. Ga lissafi na misali kawai, don ka ga yadda abin yake aiki: a ce cikin kowane mutum ɗari, biyar ne ke tafiya a wata. Wasa mai mutum miliyan 10 sai ya samo sababbi ko masu dawowa dubu ɗari biyar kowane wata kafin ya tsaya inda yake, ba ma ya ƙaru ba. Ranar da masu shigowa suka ragu zuwa dubu ɗari uku, adadin zai fara sauka ko da ba a taɓa komai a cikin wasan ba, ko da babin da aka fitar ya fi na baya kyau. Yoyon bai ƙaru ba, ruwan da ake zubawa ne ya ragu.

Shi kuma ruwan, dalilan raguwarsa ba ɓoyayyu ba ne. Zuwa 2010, yawancin masu kwamfuta da intanet da sha'awar irin wannan wasa sun riga sun gwada shi. Sannan duniyar ta canza a ƙarƙashin ƙafarsa. A 2004, in kana son ka yi wasa tare da dubban mutane a intanet, zaɓinka bai taka kara ya karya ba, kuma kusan duk da kuɗin wata suke. League of Legends ya zo a 2009 kyauta. Minecraft ya kwashe yara. Wayoyi suka shigo, Fortnite ya zo a 2017 shi ma kyauta. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu da a 2005 zai roƙi a biya masa dala 15, a 2018 abokansa duk suna wani wuri da ba a biyan ko sisi kafin a shiga. Kai ma abokan hamayyar World of Warcraft ɗin sun kasa riƙe tsarin kuɗin wata: Lord of the Rings Online ya koma kyauta a 2010, Star Wars: The Old Republic da aka kashe wa maƙudan kuɗi ya fito Disamba 2011, bai cika shekara ba ya buɗe ƙofar kyauta. Abin mamakin a wurina shi ne yadda World of Warcraft ya ci gaba da karɓar kuɗin wata duk da haka.

Akwai kuma halin da sabon shiga yake tararwa, wanda ku tsofaffin hannu ba kwa gani. Na taɓa zaunar da wani abokin aikina da bai taɓa bugawa ba, na ce ya buɗe sabon asusu, ni kuma na ja kujera ina kallo ban ce uffan ba. Ya yi tafiyar kusan awa biyu a yankunan farko bai haɗu da mutum ko biyar ba, domin kowa yana can matakin ƙarshe na ƙarfin da jarumin ɗan wasa ke hawa. Da ya shiga kogo na farko, wurin da ake yaƙar dodanni a haɗe, tare da baƙi huɗu, su sun bi kogon nan sau ɗari, suka ruga da gudu ba wanda ya yi masa magana, ya tsaya karanta abin da aka ce ya yi, kafin ya ɗago sun kashe dodon farko. Ya juyo ya ce min, "To ni mene ne aikina a nan?" Ban da amsar da zan ba shi. Wanda ya shiga a 2005 ya tarar da kowa ɗan koyo ne irinsa, ana ɓata tare ana tambayar juna hanya. Wanda ya shiga bayan shekara goma sha biyar ya tarar da labari mai babi bakwai ko takwas, da mutanen da suka haddace komai, suka kuma ƙosa da mai kuskure. Blizzard ya san da wannan. Shi ya sa a 2020 ya matse matakan daga 120 ya mayar da su 50, ya kuma gina sabon tsibiri na koyar da baƙi. Ya taimaka, amma ba a iya ƙera cunkoson 'yan koyo da hannu.

Yanzu ɓangaren masu fita, kuma a nan ne zancen ƙungiyarku ya shigo. A inda na yi aiki, in mutum zai soke biya akwai ɗan fom da ke tambayarsa dalili. Amsar da ta fi yawa kullum ita ce "ba ni da lokaci". Gaskiya ce, amma rabin gaskiya. Da muka riƙa duba abin da ya faru kafin mutum ya tafi, sai muka ga abu ɗaya yana maimaita kansa: abokan da yake bugawa da su sun riga shi ɗaukewa. Mutum yana samun lokaci in akwai wanda ke jiransa da ƙarfe tara na dare. In babu, sai lokacin ya ɓace.

Ƙungiyata haka ta mutu, kuma ba wani faɗa aka yi ba. Muna fita farmaki, wato yaƙin haɗin gwiwa da manyan dodanni, na mutum 25 sau biyu a mako. Cikinmu akwai wata mai warkarwa, wato mai yi wa jarumanmu magani a fagen yaƙi, da ita ce ke riƙe da jadawali, ita ke tuna wa kowa, ita ke lallashin wanda aka hana kaya ya yi fushi. Ta haihu, ta ce za ta ɗan huta wata biyu. Daren farko ba ita muka taru 23, muka nemo baƙi biyu muka cike. Mako na gaba 21, muka shafe minti arba'in muna neman cikon mutane, wasu suka gaji suka kwanta. Mako na uku na shiga na tarar da mutum 14 a tsaye a bakin ƙofar farmakin, kowa yana tsalle-tsalle da dokinsa yana jira, na rubuta musu cewa yau ba za ta yiwu ba. Biyu daga cikin gwanayenmu suka koma wata ƙungiya, kuma ban ga laifinsu ba. Cikin wata biyu sunayen da ke jerin abokaina duk sun yi toka-toka, an rubuta rabon wane da shiga kwana 40, rabon wance kwana 60. A cikin mutum 25 ɗin nan, da za ka tambaye su, ba na jin ko uku za su ce wasan ne ya ɓata musu rai. Mutum ɗaya ta tafi da dalilinta mai kyau, ta ja ashirin. Ka ninka wannan sau dubbai, ka kuma tuna cewa ɗaliban da suka fara a 2005 zuwa 2012 sun zama ma'aikata masu iyali.

Wannan ne ya sa nake da ra'ayi biyu game da na'urar haɗa 'yan wasa da aka kawo a Disamba 2009, wadda kake danna maɓalli ta haɗa ka da baƙi huɗu daga wasu sabobi ta jefa ku cikin kogo, da irinta ta farmaki da ta biyo baya a ƙarshen 2011. Masu cewa ita ta kashe zumuncin wasan suna da hujja. A da sai ka tsaya a gari kana shela kana neman mai tare duka, wato wanda ke tsayawa gaban dodo ya kare sauran, in ka sami nagari ka riƙe sunansa, in ka yi rashin mutunci kuma sabar gaba ɗaya ta san ka. Bayan na'urar, mutanen da ka bi kogo da su ba za ka sake ganinsu ba har abada, to me zai sa ka gaishe su? Amma masu wannan magana sukan manta cewa mai awa ɗaya kacal bayan ya dawo aiki ba zai iya ɓata minti arba'in yana shela ba. Ba don na'urar ba da ya tafi tun tuni. A ganina ta riƙe mutane da yawa na ɗan lokaci, ta kuma rage igiyoyin da ke ɗaure su na dogon lokaci. Da ni ne a kujerar masu yanke shawara a 2009, ina jin ni ma da na amince da ita, ban ga abin da zai biyo baya ba.

Wannan ba wanke kamfanin ba ne. Yana da nasa laifin, kuma mafi girma shi ne barin mutane ba sabon abu. Farmakin ƙarshe na Mists of Pandaria ya fito Satumba 2013, babi na gaba sai Nuwamba 2014: wata goma sha huɗu ana kashe dodo ɗaya. Aka sake yin haka daga Yuni 2015 zuwa Agusta 2016. Warlords kuma ya ba kowa sansaninsa na kansa, inda zai zauna shi kaɗai yana aika yara aiki yana karɓar kaya, garuruwa suka yi fayau. Mutum miliyan uku da wani abu sun dawo da ɗokinsu, suka cinye abin da aka tanada cikin 'yan watanni, suka duba ba kowa a waje, suka koma inda suka fito. Daga wannan lokaci ɗabi'ar 'yan wasa ta zama irin ta ambaliya: a cika in sabon babi ya fito, a janye bayan wata uku, a dawo in an yi babban sabuntawa. Yawancin waɗanda ake cewa sun bar wasan, hutu suke tafiya. A 2021 ma, da Shadowlands ya yi jinkirin sabuntawa ga kuma ƙarar da hukumar jihar California ta shigar kan yanayin aiki a kamfanin, jama'a da yawa sun kwarara zuwa Final Fantasy XIV, har a Disamban shekarar Square Enix, kamfanin da ya yi shi, ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci saboda sabobinsa sun kasa ɗaukar mutane. Can ma ƙungiya-ƙungiya aka riƙa tafiya.

Me ya sa duk da haka ba a rufe shi ba? Domin kamfanin ya koyi samun ƙarin kuɗi daga mutane kaɗan. Kuɗin wata a Amurka ya tsaya dala 14.99 tun 2004, amma an buɗe wasu ƙofofi a gefe. A 2010 aka sayar da wani doki mai ƙyalli kan dala 25, mutane suka yi layi a shafin saye. A 2015 aka kawo abin da ake kira WoW Token: wani ya saya da dala 20, ya sayar wa wani ɗan wasa da zinaren cikin wasa, shi kuma ya sami kwana 30. Ka lura, wannan watan an biya shi dala 20 maimakon 15. Ga kuɗin sauya saba, ga na tsallake matakai, ga kuɗin kowane sabon babi. A 2024 har dabbar hawa ta dala 90 aka sayar, kuma an saya. Da zarar lissafi ya koma haka, adadin masu biyan wata ya daina zama ma'aunin lafiyar kasuwancin, ya zama abin da ke tsorata masu hannun jari kowane wata uku. Shi ya sa aka daina faɗinsa, kuma a wannan ban ga wata maƙarƙashiya ba.

Sai kuma dabarar da ta fi kowace burge ni. Shekaru 'yan wasa suna roƙon a dawo musu da wasan yadda yake a farko, kamfanin yana ƙi. Wasu suka buɗe sabar bayan fage mai suna Nostalrius, ta tara jama'a, aka tilasta rufe ta a Afrilu 2016, aka yi ta surutu. A Agusta 2019 Blizzard ya fitar da WoW Classic a ƙarƙashin kuɗin wata guda ɗaya, layin shiga ya kai na awanni. Kamfanin Jagex ya riga shi yin haka da Old School RuneScape a 2013, inda ya dawo da wasan yadda yake a 2007. Abin da waɗannan suka nuna shi ne, tsohon wasa ya fi sauƙin dawo da wanda ya taɓa sonsa a kan jawo wanda bai san shi ba. Sai dai akwai farashi: jama'ar da ta rage an raba ta gida-gida, wasu a na zamani, wasu a Classic iri-iri. Wani ɓangare na kufan da kake gani a sabarku, mutanen suna nan, suna ɗaki na gaba.

In kana son ka san wasan da ke mutuwa da gaske, kada ka kalli yawan masu surutu a kansa. Ka duba ko an daina sanar da babi na gaba, ko an kwashe ma'aikatansa an kai wani aiki, ko sabuntawa ta koma gyaran ƙananan kurakurai kawai. City of Heroes an rufe shi a 2012, WildStar da ya fito 2014 an rufe shi a 2018. A ɗaya gefen kuma, EverQuest na 1999, wanda ko a ganiyarsa bai kai mutum miliyan ɗaya ba, har yanzu ana fitar masa da sabon babi kusan kowace shekara, Ultima Online na 1997 ma yana nan. Waɗannan wasanni suna iya rayuwa da jama'a kaɗan ƙwarai muddin kuɗin da ke shigowa ya fi na riƙe sabobi da ma'aikata. World of Warcraft ya fitar da Dragonflight a 2022 da The War Within a 2024, ya koma China a 2024 bayan an kashe sabobinsa can a Janairu 2023 kan saɓanin yarjejeniya da NetEase, kamfanin da ke gudanar da shi a can, kuma Microsoft da ya sayi uwar kamfanin a 2023 kan kusan dala biliyan 69 bai saye shi don ya rufe ba.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Kada adadin duniya ya yanke maka hukunci, domin ko miliyan 12 ne a ciki, kai da mutum ashirin kake bugawa. Matsalarka ita ce ashirin ɗinka sun tafi. Kafin ka soke, ka gwada abu ɗaya na wata guda: nemi ƙungiya mai rai wadda lokacin fitarta ya dace da naka. A wasan na zamani yanzu ana iya shiga ƙungiyar da ke wata saba, har ma ta ɗaya daga ɓangarori biyu masu gaba da juna a wasan, Horde ko Alliance, don haka ba sai ka biya kuɗin ƙaura ba. Ka tambaye su mutum nawa suka fito makon jiya da wanda ya gabace shi, kada ka tambayi yawan sunayen da ke rajistarsu. Ka kuma bar biyan wata shida a dunƙule, ka koma wata-wata. In watan ya ƙare ka ga kana shiga ne kawai ka zagaya gari a kan doki ka fita, ka soke. Ba a goge jarumanka don ka daina biya, suna nan inda ka bar su da kayansu duk ranar da wani tsohon aboki ya aiko maka saƙo cewa sabon babi ya fito.